Taku Ɗari Huɗu da Ashirin

Ranar Litinin aka liƙa takardar a bangon tsohuwar tasha, wurin da yanzu ake sayar da katifu. Tela ce ta karanta ta, don idon mijinta ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Za a shimfiɗa babban titi a kan hanyar da jirgin ƙasa yake bi a da. Duk mai mamaci a gefen layin ya zo ya nuna wurin kafin azahar ɗin Alhamis, a tono masa nasa, a mayar da shi sabuwar maƙabarta. Takardar ba ta faɗi abin da zai sami waɗanda ba a nuna ba. Ba sai ta faɗa ba. Katafila biyu na tsaye a bayan tashar, kowa yana ganinsu.

Suna da mutum ɗaya a can. 'Yarsu ce ta fari, shekararta huɗu, ƙyanda ta ɗauke ta shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Fasinja ake ce mata a kwatas ɗin 'yan reluwe, saboda jirgin fasinja yana tsaye a tasha yana huci sa'ad da ta faɗo. A shekarar ƙyandar nan yara sun yi ta tafiya, wani satin uku, wani satin biyar. Maƙabartar gari da nisa, 'yan reluwe kuma baƙi ne da aka tattaro daga ko'ina. Sai manyansu suka ce a riƙa binnewa a siririn filin da ke gefen layi. Ƙasar reluwe ce, in ji su, ba mai taɓa ta har duniya ta naɗe. Tun a lokacin maganar ba ta kwanta wa Tela ba, amma wa ya tambayi mace mai shekara ashirin da huɗu, wadda aikinta ɗinka jar tuta da koriya?

Ba ta taɓa tsayawa a kan kabarin ba. Wai mata ba sa zuwa binne gawa, an kuma ce don a sauƙaƙa musu ne. Mijinta ne ya kai yarinyar, ya dawo ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, “Katako ɗari huɗu da ashirin daga gindin sigina, hannun dama.” Iyakar ta'aziyyar da ya yi mata ke nan. Daga baya ya kafa guntun ƙarfen dogo a wurin, Tela tana hango shi ta tagar jirgi in za ta unguwa. Da jirgi ya daina zuwa, masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe layin kaf, har da guntun. Lambar ce kawai ta rage.

Mai Guduma ake kiran mijin. Shekara talatin da biyu yana bin layi a ƙafa kowace safiya, guduma a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa noti yana sauraron amsar ƙarfe. Mai wannan aiki ba ya taka tsakuwa. A kan gicciyen da ke ƙarƙashin dogo yake sa ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙafar ta daina sanin wata tafiya. Yau shekara goma sha shida da rufe layin, amma ko kasuwa za shi haka yake takawa, gajere-gajere, daidai wa daida, kansa a sunkuye. Tsofaffin abokan aiki sukan ce ƙafarsa ta fi tef ɗin awo gaskiya. Fanshonsa ba ya zuwa a kan kari, idonsa ya tafi, kunne ɗaya ya mutu. Wannan yabon ne kaɗai ba a taɓa masa ba.

Ranar Laraba da la'asar Tela tana kan kekenta, tana ɗinka ɗan likkafani da sabon farin yadi. Shi yana zaune a bakin gado yana goge takalman aikinsa, waɗanda rabonsa da su tun ranar da aka sallame shi daga aiki. Ta tsayar da keken.

“Malam, ɗari huɗu da ashirin ɗin nan, na katako ne ko na ƙarfe?”

“Wace irin tambaya ce wannan? Layi ai layi ne.”

“Shekara biyu bayan rasuwarta aka cire katakon aka sa gicciyen ƙarfe. Na tuna, don tsohon katakon aka raba mana muka yi girki da shi, shekara guda abinci yana warin kwalta. Kai da bakinka ka ce min, ƙarƙashin kowane ƙarfen dogo katako goma sha huɗu ne, na ƙarfen kuwa goma sha bakwai. Wata guda kana kukan ƙugu, kana cewa sun rage maka taku.”

Bai ɗago ba. “Ƙafata ta san layin nan fiye da yadda kika san kekenki.”

“Ta sani. Wanne ta sani, shi ne tambayata. Shekara tara ta taka katako, ashirin da uku ta taka ƙarfe.”

“Tela, ni na haƙa. Ni na sa ta. Ke kina ina?”

“Inda kuka ce in zauna.”

Ya ajiye takalmin, ya ɗauki buta ya fita. Ta mayar da ƙafa kan keken. Ta yi lissafin a ka tun ranar Litinin, yadda take lissafa yadi: ɗari huɗu da ashirin a raba sha huɗu, ƙarfe talatin cif. In ya yi takun ƙarfe, zai tsaya saura biyar da ɗan wani abu. Ta so a ce ita ce ta yi kuskure.

Alhamis da hantsi suka hallara a gindin sigina. Siginar kanta, sandar da ke ba jirgi hannu, an sare ta tuni. Saura dunƙulen kankare da noti huɗu masu tsatsa, mai faci ya ɗora kwanon ruwan gwada tayarsa a kai. Akwai akawun kamfanin titi da babban littafi a hammata, da mai awo da tef ɗinsa, da masu haƙa biyu. Mai Tuta ma ya zo, tsohon abokin aikin Mai Guduma, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗaga tutocin da Tela ta ɗinka.

“Matar yaya, ke ma kin fito?” ya ce. “Ko tsoro kike kada 'yan mata su sace miki shi a hanya?”

“In sun ɗauka su haɗa da kai, a yi gyara.”

Akawu ya duba littafinsa. “Baba, ku ne na goma sha ɗaya, ku ne kuma na ƙarshe. Mutum nawa ne dai a filin nan?”

“Yara kaɗai sun fi saba'in,” in ji Mai Tuta. “Iyayen sun koma inda suka fito, ko sun bi su.”

Mai awo ya fara warware tef, Mai Tuta ya riƙe masa hannu. “Mayar da abinka, ɗana. Yau za ka ga awon da ba a koyarwa a makaranta.”

Mai Guduma ya jingina diddigensa da kankaren, ya sunkuyar da kai, ya fara. Leɓɓansa na motsi. Sauran suka bi shi a baya.

Tela ta daɗe ba ta bi nan ba. Ba dogo, ba tsakuwa, sai wata doguwar hanya mai faɗi tsakanin bayan gidaje, wadda ta miƙe sambal ba kamar sauran lungunan garin ba. A hagu ga ƙafafun tankin da jirgi ke shan ruwa, tankin babu, an shanya tabarmi a jiki. Ga ramin da ake juya kan jirgi, ya cika da shara har baki, awaki a kai. A nan layi yake rabuwa uku a da: babban ya miƙe, ɗaya ya karkata wajen ma'aikatar fasa dutse, ɗaya ya gangara mayanka. Kowanne da 'yar tasharsa, rumfar kwano da benci da fitila. Ta mayanka yanzu wurin wankin mota ce. Ta wajen dutse ko tushenta ba a gani. Yaran da ke wasa a nan suna ce wa unguwar Layi, ba su san layin me ba.

Ba kallon waɗannan ta zo yi ba. Ƙafarsa take kallo. Takun gajere ne, na ƙarfe.

Ya tsaya kusa da wata katangar bulo da ba a gama ba, ya juya dama, ya yi taku uku, ya nuna ƙasa da yatsa. “Nan.”

Masu haƙa suka sa diga. Ƙasar da tauri, sai da suka yi kusan awa. Tela ta tsaya a inuwar katangar, likkafanin a ninke cikin jakarta, tana jiran su gaji su ce babu. Ta riga ta shirya yadda za ta faɗi maganar ba tare da ta kunyata shi ba: a ɗan gwada gaba kaɗan, tunda da sauran lokaci.

Sai ɗaya daga cikinsu ya ajiye shebur, ya durƙusa, ya fara share ƙasa da hannu. Ƙasusuwa ne ƙanana, sun yi launin ƙasa. Na yaro.

“Allahu akbar,” in ji Mai Tuta a hankali. “Shekara arba'in da ɗaya. Na gaya muku.”

Mai Guduma ya zauna a kan tarin ƙasar, kafaɗunsa na rawa. Tela ba ta taɓa ganin ya yi kuka ba, ko a waccan shekarar. Ta matsa bakin ramin ta leƙa. Mai haƙan yana ɗauko su ɗaya-ɗaya yana jerawa a cikin ɗan akwatin katako. Ya ɗago ƙoƙon kan da hannu biyu. A muƙamuƙin sama haƙoran gaba biyu manya ne, masu faɗi, irin na yaron da ya riga ya yi famfara.

Ta san da ta yi shiru, da kowa ya koma gida da sanyin zuciya. Abin da ake so daga tsohuwa ke nan, ta yi hamdala, ta share hawaye. Amma saura awa biyu azahar, kuma Fasinja tana can gaba.

“Wannan ba tawa ba ce,” ta ce.

“Haba, matar yaya.”

“Dubi haƙoran. Wannan ya kai bakwai ko takwas. Tawa huɗu, ko ɗaya bai faɗi ba. Ni nake wanke mata baki.” Ta juya wajen mai awo. “Ɗana, ƙarfen dogo ɗaya na wancan zamanin, daga mahaɗa zuwa mahaɗa, mita nawa ne?”

“A tsohuwar taswirar da aka ba mu, goma sha biyu ne, Inna.”

“To auna min talatin daga gindin sigina.”

Akawu ya duba agogo. “Inna, an fa samu. A bar wa Allah sauran.”

“An samu na wani. Ko'ina ka sa diga a filin nan za ka samu, ba ka ji adadin da aka faɗa maka ba?”

Mai Tuta ya rage murya. “Ki dube shi mana. A gaban yaran nan za ki yi masa haka?”

Ta dube shi. Ya daina kukan. Yana kallon cikin akwatin, ya kawo fuskarsa kusa saboda idon, ya daɗe a haka.

Mai awo ya koma gindin sigina da ɗaya daga cikin masu haƙa, suka riƙa jan tef suna kafa tsinke. Suka wuce ramin. Tela ta bi su. Suka wuce ƙarshen katangar, suka wuce wani tulin yashi. Tun kafin su kai ta ga inda za su tsaya. Sabon kwalbati ne ya ratsa hanyar, faɗinsa ya kai ɗaki uku, kankarensa fari fat, har da sauran katakon da aka tokare shi da su.

Mai awo ya dafa tef ɗin a kan kankaren, kusan tsakiya. “Ɗari uku da sittin,” ya ce. Bai kalle ta ba.

“Yaushe kuka zuba wannan?”

“Wata guda ke nan.”

“Kafin takardar.”

“Eh, Inna.” Ya naɗe tef ɗin a hankali, kamar yana neman abin da zai yi da hannunsa. “Saboda nan ɗin ne ma aka yi takardar. Ba wanda ya gaya mana akwai mutane. A taswira fili ne kawai. Da katafila ta fara fito da su, muka tsayar da aiki kwana biyu. Abin da muka gani mun tattara a buhu biyu, an kai sabuwar maƙabarta an binne wuri ɗaya. Abin da ba mu gani ba yana ƙarƙashin nan.”

“Tawa tana buhu ko tana ƙasa?”

“Wallahi ban sani ba.”

“Ba ka yi min ƙarya ba, na gode.”

Ta hau kan kankaren. Da zafi, ta ji shi ta cikin takalmi. Ta duba dama, inda ya kamata guntun ƙarfen ya kasance, ba komai sai bakin kwalbatin da ɗan ruwan kwata da ya fara bi ta ciki. Ta yi tsammanin in ta tsaya a wurin za ta ji wani abu, don haka ake cewa, wai jikin uwa yana gaya mata. Jikinta bai gaya mata komai ba. Tef ne ya gaya mata.

Sauran suka iso. Mai Guduma ne ke rungume da akwatin, ya hana masu haƙa su ɗauka. Ya tsaya a ƙasa, bai hau ba.

“Sha huɗu ne,” ya ce. “Na katakon. Sha huɗu.”

“Haka ne, Malam.”

“Ranar da aka cire su ina nan. Ni na riƙa ƙirga sababbin ana sawa.” Ya gyara riƙon akwatin. “Ban sake ƙirgawa daga sigina ba. Ƙarfen da na kafa yana nan, me zai sa in ƙirga?”

Mai Tuta ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

Akawu ya buɗe littafin a kan gwiwarsa. Ba mugu ba ne, yunwa yake ji, kuma motar da za ta kai akwatunan tana jira. “To yanzu me zan rubuta? Gida biyu ne a takardar. In an samu, in sa suna, uba ya dangwala, a ba shi kabarinsa shi kaɗai da lamba. In ba a samu ba, in ja layi.”

“Wannan fa?” in ji Mai Guduma.

“Marar suna yana bin na buhu, Baba. Rami ɗaya.”

“Ja layi,” Tela ta ce. “Ba a samu ba. A bar shi a rubuce cewa akwai yarinya a nan da ba a ɗauke ba.”

“Wa zai karanta?” in ji mijinta.

“Ko ba wanda zai karanta.”

“Wannan ma ɗan wani ne a cikinmu. Wataƙila ni na riƙe wa ubansa fitila.” Ya kalli Mai Tuta. “Wa ke da ɗan shekara takwas a wancan satin?”

Mai Tuta ya fara lissafi da yatsa, ya ambaci mai zuba wa jirgi gawayi, ya ambaci wani direba, ya ce a'a, na direban mace ce kuma ta warke. Ya bari. “Na manta, yaya.”

Mai Guduma ya ajiye akwatin a gefen kwalbatin. Ya faɗa wa akawu sunan 'yarsa na yanka, cikakke, da nasa a bayansa. Shekara da shekaru Tela ba ta ji sunan daga bakinsa ba. Akawu ya ɗaga biro ya dube ta.

“Uba takardar ta ce,” in ji ta. “Ba ta tambaye ni ba.”

Ya rubuta. Mai Guduma ya dangwala babban yatsa a tawada ya danna. Daga nan littafin kamfani ya nuna mutum goma sha ɗaya aka nema, goma sha ɗaya aka samu, filin ya zama wanda aka kammala.

Tela ta buɗe jakarta ta fito da likkafanin. Ta riƙe shi na ɗan lokaci. A kan tsawon 'yar shekara huɗu ta yanka shi. Ta miƙa wa mai haƙan.

“Zai yi masa kaɗan. Ku lanƙwasa ƙafafun.”

Suka naɗe, suka rufe akwatin. Motar ta matso da baya, akwatuna goma a jere a cikinta. Mai Tuta ya hau, ya miƙo hannu ya ja abokinsa. Mai Guduma ya zauna ya ɗora akwatin a cinya.

“Ba za ki zo ba?” ya ce.

“Ku je. Ka kula da lambar da za su ba ka, ka sa a rubuta maka a takarda.”

Motar ta tafi tana tangaɗi a kan hanyar. Akawu ya bi ta a babur. Tela ta zauna a bakin kwalbatin, ta zuro ƙafafu, jakar da ba komai a ciki tana kan cinyarta. Mai awo bai tafi ba, yana tsaye nesa kaɗan yana duba takardunsa, ko yana yi kamar yana dubawa. Aka kira azahar daga wani masallaci a bayan gidajen. Jim kaɗan ta ji an tayar da katafila ta farko can wajen tasha, sai ta biyu.

Mai awo ya matso. “Inna, ta nan za su fara zuba ƙasa.”

“Na sani. Kauri nawa za ku ɗora a kai?”

“Mita ɗaya da rabi, sannan kwalta.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce ya ara mata biro. Ta rubuta ɗari uku da sittin a bayan hannunta, ta mayar masa. Sannan ta kama hannunsa ta sauko, ta koma gefen hanya ta tsaya inda ƙura ba za ta same ta sosai ba, har tifa ta farko ta juye.